Kun ƙyale Barista ya ce doka ba ta san ɗan kowa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni, ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba, domin tun daren Lahadi raina yake a ɓace da shirin nan naku. Baristan da kuka gayyato ya buɗe baki ya ce shari'ar Maryam Sanda ta nuna wa duniya cewa doka a Najeriya ba ta san ɗan kowa ba, mai gabatarwarku ya ce masa haka ne, ya wuce tambaya ta gaba. Haka ne? A gidan rediyon da talakawa suke kunnawa tun asuba, a faɗi wannan magana, a rasa wanda zai ce masa dakata?

Na ji hujjarsa. Wai ga 'yar masu hali, ga manyan lauyoyi, ga afuwar shugaban ƙasa, amma duk da haka Kotun Ƙoli ta tsaya a kan hukuncin kisa. To, mu bi lissafin da shi kansa ya kawo. An kashe Bilyaminu Bello a Abuja a watan Nuwamba na 2017. Kafin watan ya ƙare an gurfanar da matarsa Maryam a gaban babbar kotu bisa zargin kashe shi. A watan Maris na 2018 aka ba ta beli saboda juna biyu. Ranar 27 ga Janairu 2020 Mai Shari'a Yusuf Halilu ya yanke mata hukuncin kisa ta hanyar rataya. Shekarar ba ta fita ba sai da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta saurare ta, ta tabbatar da hukuncin a watan Disamba. A Oktoban 2025 sunanta ya fito cikin mutum 175 da Shugaba Tinubu ya yi wa afuwa ko sassauci, ƙasa ta ɗauki zafi, aka janye, aka mayar da nata ɗaurin shekara 12. A Disamba kuma Kotun Ƙoli ta yi nata, ta tabbatar da hukuncin kisan, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Cikin shekara takwas babu ƙofar da ba a buɗe mata ba, daga ta alƙalin farko har ta fadar shugaban ƙasa. Wasu ƙofofin ta shiga ta sha kaye, gaskiya ne. Amma an buɗe. Wannan ne Barista yake kira daidaito?

Kada ka ɗauka ina cikin masu kiran a rataye ta gobe da safe. Ba na ciki. Ban kasance a gidan ba a daren da abin ya faru, kuma na san lauyoyinta sun yi ta nanata cewa ba a kawo wuƙa gaban kotu ba, ba a yi binciken gawa ba, ita kuma ta ce faɗuwa ya yi a kan fasasshiyar kwalbar shisha. Alƙali ya auna, ya ce bai yarda ba, ita ce ta ƙarshe da aka gani tare da shi. Masana su je su yi ta musu a kan wannan, Allah ne masanin gaskiya, Allah ya jiƙan Bilyaminu ya raya abin da ya bari. Abin da ya dame ni shi ne ita an auna tata maganar. Akwai dubban mutane da ba a taɓa ɗora tasu a kan sikeli ba, kuma ɗaya daga cikinsu ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Tela ne. Tun kafin annobar korona aka kama shi. An yi faɗan samari da daddare a bayan layinsu bayan an tashi daga kallon ƙwallo, aka soki wani yaro, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Washegari 'yan sanda suka zo suka kwashi duk namijin da suka tarar a bakin layin, har da shi, yana cikin shago da tef a wuya. Waɗanda iyayensu suke da abin hannu sun kwana gida a makon. Shi da wasu biyu aka rubuta musu haɗa baki da kisan kai, aka kai su kotun majistare. Alƙaliyar ta ce ba ta da hurumin sauraron shari'ar kisa, a kai su gidan yari a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Malam Edita, shawarar nan muke jira har yau. Ba a taɓa karanta masa tuhuma a gaban alƙalin da yake da ikon yanke masa hukunci ko sallamarsa ba. Ba a taɓa kiran shaida ko ɗaya ba. Bai taɓa samun damar cewa ga inda nake a daren ba, alhali mutanen da suka zauna da shi a shago yana ɗinkin anko har tsakar dare suna nan da ransu, sai ɗaya da ya rasu yana jiran a kira shi.

Kowace ranar zama labarin ɗaya ne. Yau fayil yana wurin 'yan sanda. Gobe an aika ma'aikata. Jibi ma'aikata ta ce bai iso ba. An canza ɗan sandan da ya yi bincike, an kai shi wata jiha. Wata rana a ce babu man da za a zuba wa motar da za ta kawo su kotu, sai iyalai sun haɗa. Mu haɗa, a kawo su, a kira suna, a ɗage, a mayar da su. Na sayar da ɗan kunnena da keken ɗinkinsa guda na ba lauya, ya zo zama kaɗan ya daina ɗaukar wayata. Ban ma zarge shi sosai ba, shi ma me zai yi wa fayil ɗin da ba a san inda yake ba?

Barista ya fi ni sanin cewa dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka bi suka yi irin tasu, ta ce umarnin tsare mutum irin wannan na kwana 14 ne a karon farko, sai a dawo a kawo dalili kafin a ƙara. Ya san ta ce majistare ya riƙa leƙa ofisoshin 'yan sanda duk wata ya ga waɗanda ke tsare. Ya san alƙaluman da hukumar gidajen gyaran hali take fitarwa da kanta suna nuna cewa kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke kulle a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifin komai ba. Ya san duk wannan, ya zauna a ɗakin watsa shirinku cikin sanyin na'ura ya ce doka ba ta san ɗan kowa ba. Shi kuwa mai gabatarwa, wanda aikinsa ke nan ya tare shi, yana ta "madalla Barista, madalla". Ana babbakar giwa, wa zai ji ƙaurin zomo?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne batun yara. Sanarwar fadar shugaban ƙasa ta ce Maryam ta yi shekara shida da wata takwas a gidan yarin Suleja, ta nuna nadama da halin kirki, kuma danginta sun roƙa saboda 'ya'yanta biyu. Baƙuwarku ta biyu ta yi ta maimaita wannan har muryarta tana rawa, wai a duba marayun nan. Ni uwa ce, na duba su, wallahi na tausaya musu. To ƙanina uku gare shi. Matarsa ta yi haƙuri iya haƙuri, daga baya iyayenta suka kai ƙara alƙali ya raba auren, ba na ganin laifinta. Yaran suna hannuna, a kan ɗan fanshon malamar firamare. Ƙaramar tana cikin uwarta aka tafi da shi, ta san ubanta ne ta bayan waya a ranar ziyara, ta ɗauka can ne gidansa. Mahaifiyarmu ta rasu yana ciki, gandiroba ne ya faɗa masa. Wace majalisa ce za ta zauna a kan waɗannan yaran? Afuwa ma ai wanda aka yanke wa hukunci ake yi wa. Wanda ba a yi wa shari'a ba ko layin neman afuwar bai isa shiga ba. Ka ji inda muke: wadda kotu uku suka ce ta yi kisa ta fi ƙanina kusa da ƙofar fita.

Sai kuma Malam da kuka kira ta waya, Allah ya ƙara masa lafiya, ya kawo batun yafiyar waliyyi. Na san abin da ya sa. Mahaifin Bilyaminu ya fito gaban 'yan jarida ya ce ya yafe, shi ma ya nemi a sake ta, alhali gidan Dokta Bello Haliru Mohammed, tsohon shugaban PDP, inda marigayin ya tashi, sun fitar da takarda suna cewa an zalunce su. Amma Malam bai faɗa wa jama'a cewa ba a kotun Musulunci aka yi wannan shari'a ba. Da dokar Penal Code aka yi ta, sashe na 221, inda gwamnati ce mai ƙara, yafiyar uba ba ta ɗage hukunci. Mutane suka kashe rediyo suna zaton da waliyyi ya ce ya yafe shi ke nan an buɗe ƙofa. Da haka ne da tuni ƙanina yana gida. Mahaifin yaron da aka soka, dattijo mai sayar da itace, ya zo har zaurenmu ya ce shi bai taɓa zargin tela ba, ya san waɗanda suka kashe masa ɗa, sunayensu ma ya ba 'yan sanda tun ranar farko. Ya bi ni kotu don ya faɗa da bakinsa. Aka ce masa ba a fara shari'a ba, babu inda za a rubuta maganarsa. Matarsa, uwar mamacin, mukan haɗu da ita a gindin bishiyar harabar kotu. Da farko ba ta amsa sallamata. Yanzu ita take tsare min wuri a benci. Ita ma ba ta samu komai ba: ɗanta yana kabari, waɗanda take zargi suna yawo a unguwa, ɗaya har ya yi aure. Ita ma doka ba ta san ta ba, amma ba irin rashin sanin da Barista yake yabo ba.

Da kuka buɗe layi kuwa, sai abin ya koma dambe tsakanin maza da mata. Wannan ya ce matan yanzu sun zama abin tsoro, a rataye ta ta zama izina. Waccan ta ce da namiji ne ya kashe matarsa da tuni an manta. Wani har da dariya, wai yanzu shi da ido ɗaya yake barci. An kashe mutum, yara sun tashi babu uba, uwa tana kurkuku, ku kuna dariya a iska. Mai gabatarwa yana jin daɗi layi ya cika, yana ƙara zuga su. Kusan rabin sa'a aka ci a haka, ba wanda ya tambayi yadda sunaye suke shiga jerin afuwa tun farko, wa yake kai su gaban kwamitin da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya jagoranta, da yadda aka yi sunan wadda ƙararta take gaban Kotun Ƙoli ya wuce har Majalisar Magabata ba wanda ya ɗaga gira sai da jama'a suka yi ca a Facebook. Kotun Ƙolin ma ta soki wannan a hukuncinta, amma shirinku ya wuce shi a jimla ɗaya.

Ga abin da nake nema, ba alfarma ba ce. Ku sake kiran Baristan nan. Ku haɗa shi da wani daga ma'aikatar shari'a, wanda fayil yake kwana a teburinsa, da wani daga hukumar ba da lauya kyauta. Ku tura wakilinku kowace kotun majistare da ya ga dama ranar Litinin da safe, ya tsaya inda ake sauke masu jiran shari'a, ya tambayi matan da ke zaune da kwanon abinci a ƙulle cikin ɗankwali tun yaushe suke zuwa. Ba sai ya nemi ni ba, duk wadda ya taɓa za ta ba shi labarin da ya fi nawa. Idan babban jojin jiha ya fita zagayen gidajen yari kukan kawo mana labarin ya saki mutum kaza, ku yi ta yabo. Ku riƙa tambaya, waɗanda aka sakin nan shekara nawa suka yi, kuma wa ya riƙe fayil ɗinsu duk tsawon lokacin, yana nan a kujerarsa ko an hukunta shi?

Tunda na ɗauki alƙalami, bari in faɗi wannan ma. Tallan maganin gargajiyan nan da kuke sakawa a tsakiyar shiri ya isa haka. Ana maganar rai da mutuwa, sai kawai a yanke a sako wani yana ihun maganin basir da na ƙarfin maza, da kalmomin da ba zan iya rubutawa ba, ƙarfe takwas na dare, yara suna zaune ana cin tuwo. Ranar Lahadin nan sai da na tura babban ɗan ƙanina ɗebo ruwan da ba na buƙata. Idan kuɗin tallan ne ba za ku iya bari ba, ku mayar da shi bayan sha ɗaya. Layin wayarku kuma ku gyara shi: mutum ya kira, a ɗauka, a ajiye shi yana jin kiɗa katinsa yana ƙonewa, sannan a ce lokaci ya ƙure.

Wassalam.

Mai sauraronku,
wata malamar firamare mai ritaya