Ƙungiya ake so ko ɗan wasa?

Malam Edita,

Ina roƙon a ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan yadda mutane ke kamuwa da son ƙungiyoyin ƙwallon kwando na gasar NBA ta Amurka. Mazaunin birnin da ke da ƙungiya yakan gaji soyayyarta daga iyayensa, amma na nesa, wanda ke hana idonsa barci don kallon wasan Amurka cikin dare, galibi ɗan wasa guda ne yake janyo shi. Da yawa sun rungumi Chicago Bulls ne saboda Michael Jordan, wanda ya ci mata kofi shida tsakanin 1991 da 1998, kamar yadda Hakeem Olajuwon, ɗan asalin Nijeriya, ya sa 'yan Afirka suka karkata ga Houston Rockets a 1994 da 1995.

A ganina, irin wannan goyon baya ba ya cika yin ƙarko. Lokacin da LeBron James ya bar Cleveland zuwa Miami a 2010, ya dawo a 2014, sannan ya koma Lakers a 2018, dubban masoyansa sun riƙa sauya riga tare da shi, alhali mutanen Cleveland suna nan daram a kujerunsu.

Naku,
Mai karatu