Esin ajiya da ke jiran a danna masa rimot

Assalamu alaikum, ya Edita.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da shugabannin ofisoshi, asibitoci da makarantun da ke da ɗakin sabar, wato ɗan ɗakin nan da ake jibge manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan ma'aikata baki ɗaya. Kula da irin wannan ɗaki shi ne aikina a nan Kano, a wata ma'aikata da ba sai na kama suna ba.

Wani hutun Sallah da ya faɗo cikin bazara, esinmu, wato na'urar sanyaya ɗakin, ya tsaya da tsakar dare. Muna da na biyu, sabo fil, a maƙale a bango. To, wa zai kunna shi? Rimot yana cikin aljihun tebur, makullin ɗakin yana aljihuna, ni kuma ina ƙauye wajen gyatuma. Da na buɗe ƙofa washegari da yamma, hucin da ya buge ni kamar na bakin tanda. Fankokin sabar suna ta kururuwa, sabar biyu sun kashe kansu, faifan ajiya ɗaya kuma bai ƙara tashi ba. Baba maigadi ya ce ya ji ƙarar tun asuba, ya zaci haka injinan suke.

Abin da shugabanni ba su cika lura da shi ba, kusan duk wutar da sabar ta sha zafi take komawa. Injinan da ke jan kilowat 3 tamkar dutsen guga uku ne ka jona dare da rana a ɗakin da ba taga. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana kwashe zafin kusan kilowat 3 da rabi, saboda haka yana tsayawa ɗakin zai fara dahuwa. Ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE a Amurka ta ba da shawarar iskar da ke shiga sabar ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27 a ma'aunin Salshiyas. Mu kuwa a Afrilu, waje kaɗai yakan haura 40.

Gyaran da muka yi bai kai kuɗin faifan da ya mutu ba. Mun sayo ɗan tamostat, wato na'urar da ke ba da wuta ko yanke ta gwargwadon zafin ɗaki, irin wanda masu ƙyanƙyasar kaji ke sa wa injinsu, STC-1000, mai wayar jin zafi a jikinsa. Na saita shi: ɗaki ya kai digiri 27, ya ba esi na biyu wuta, ba zai yanke ba sai an sauko 23. Wannan tazara ta digiri huɗu ita ce dabarar. In ka matse ta, esi zai yi ta kunnawa yana mutuwa har kwamfiresa, wato injin da ke matsa gas ɗin esi, ta ƙone. Na ƙara masa jinkirin minti uku kafin kowace kunnawa, don gas ya daidaita. Kuma kada a ɗora esi kai tsaye a kan tamostat ɗin, bai iya ɗaukar fizgar wutar da kwamfiresa ke yi lokacin tashi. Kontakta, wato makunnin da ke iya ɗaukar wuta mai yawa, ake sa wa a tsakani, kowane mai gyaran wuta a Sabon Gari ya san ta.

Kuskure biyu na yi da farko, ba kuma zan ɓoye ba. Na rataye wayar jin zafin kusa da bakin esi, sai ta riƙa shaida mini sanyi alhali injinan na gumi. Wurinta gaban sabar ne, ta sama, inda iska ke shiga. Na biyu ya fi ban haushi: esin ajiyar namu ba ya tashi da kansa in wuta ta dawo, sai an danna rimot. Tamostat ya ba shi wuta, shi kuwa ya yi ƙememe. Dole muka musanya shi da na ofishin akanta, wanda ke tuna halin da aka bar shi. Akanta bai yafe mini ba har yau.

Daga baya na haɗa wata 'yar na'ura mai layin waya da ke turo mini saƙo da zarar an kai 30, na jona ta a batirin UPS, wanda ke riƙe injina in an ɗauke wuta, don in an ɗauke wuta janareta bai tashi ba, esi biyun duk a mace suke, saƙon ne kawai zai tashe ni.

Roƙona ga shugabanni, in ma'aikacinku ya kawo takardar neman kuɗin waɗannan ƙananan kaya, a daina ce masa "ai an saya maka esi biyu". 'Yan'uwana masu wannan aiki kuma, a riƙa gwadawa. Ni duk farkon wata nakan kashe esi na ɗaya da gangan, in ja kujera in zauna ina kallon lambobi na hawa har in ji kontakta ta ce ƙas. A wanke matatar iska ma, ƙurar hunturu ta taɓa toshe tawa sau biyu.

Naka,
Wani mai kula da kwamfuta,
Kano.