Wasiƙar Godiya Ga Wani Garejin Tsofaffin Motoci A Farin Gada, Jos

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Alhaji mai gareji, da Baba babban makanike, da sauran ma'aikata baki ɗaya.

Na zaɓi in rubuta wannan wasiƙa inda jama'a za su karanta, domin godiyar da na yi muku baki da baki ranar da na ɗauki tsohuwar Fijo 504 da na saya a wurinku ba ta gamsar da ni ba. Alhaji ya roƙe ni kada in ambaci sunansa, na kuma amince, amma duk wanda ya saba shiga layin makanikai na Farin Gada zai gane wurin da nake nufi, tunda ba kowane gareji ne ke da tsofaffin Fijo jere a ƙarƙashin rumfar kwano ba.

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya shafe shekaru yana jigilar fasinja tsakanin Jos da Bauchi da Peugeot 504, kuma a gefensa na fara riƙe sifana ina yaro. Motar ta fara fitowa a Faransa a 1968, sannan daga 1975 masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki, har ta kai ga motar gwamna, da ta alƙali, da ta haya, duk iri ɗaya ce. Da na yi ritaya daga aikin koyarwa, sai na ƙudurta neman guda ɗaya wadda wani ya fara gyarawa ya tsaya a hanya, domin in ƙarasa ta da hannuna a hankali. Ban nemi gamammiya ba, saboda aikin nake sha'awa fiye da hawan.

Kusan shekara biyu na yi ina wannan nema, kuma abin da na gani a hannun dillalai ya isa a rubuta littafi. Na je Kaduna sau uku, na je Abuja sau biyu, kowace tafiya da kuɗin mota da na masauki. A waya za a rantse maka cewa saura ɗan aiki kaɗan, idan ka isa sai ka tarar da gangar jiki mai walƙiyar sabon fenti, amma da ka ɗaga kafet sai ka hangi ƙasa ta cikin ramin da tsatsa ta ci. Wani ya kunna mini injin tun kafin in iso domin ya yi zafi, don kada in ji yadda yake tari da sanyin safiya. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin da ya karɓi kafin alƙalami, bayan na dawo da cikon kuɗi na duba lambar da ke jikin shasi na ga ba ta yi daidai da ta takarda ba, da na yi magana sai ya ce wai ni malamin makaranta ne, na cika bin diddigi. Rabin kuɗina ne kawai ya dawo, shi ma bayan da dattawa suka sa baki. Daga nan uwargida ta fara cewa in haƙura in sayi tumaki in yi kiwo kamar sauran tsofaffi, kuma a gaskiya na kusa bin shawararta.

Da wannan zuciya na shigo garejinku, ina jiran a fara yi mini daɗin baki. Maimakon haka, Baba ya ce mini, "Malam, ka koma gida ka dawo gobe bayan asuba, kafin kowa ya taɓa ta." Lokacin hunturu ne, kuma wanda ya san sanyin Jos ya san cewa babu jarrabawar da ta fi wannan tsanani ga tsohon inji mai kafireta. Washegari ya sa na ɗora hannuna a kan injin na tabbatar yana da sanyi ƙalau, sannan ya ce ni da kaina zan murza makulli. Ta tashi a karo na uku, tana ɗan karkarwa, ya kuma gaya mini nan take cewa kafiretar tana bukatar wanki da saiti, ya ƙara da cewa saitin da ya dace da tudun Jos ba lallai ya dace da Lokoja ba, saboda iskar nan ta fi sauƙi.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa. Baba ya ciro ɗan maganaɗisu daga aljihunsa ya miƙa mini, ya ce in bi jikin motar da shi, duk inda ya ƙi kamawa to fila ce aka cika a ƙarƙashin fenti, ba ƙarfe ba. Ya ƙi kamawa a ƙasan ƙofar baya ta hagu da kuma bayan tayar gaba, kuma tun kafin in kai wuraren ya riga ya nuna mini su da yatsa. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya nuna mini cewa man bai yi fari ba, ya bayyana mini cewa injin 504 yana da silib, wato bututun ƙarfen da fistin ke kai-komo a cikinsa, da ake cirewa a sake, wanda ruwan lagireto ke zagaye shi kai tsaye, don haka idan abin da ya toshe ƙasansa ya lalace ruwa yakan gauraya da mai. Ya ce an sake silib da fistin da ringi, an yi kuloci da birki, amma ba a taɓa wayoyin lantarki ba, kuma ƙasan but yana bukatar walda. Ya ɗauko takarda ya rubuta aikin da aka yi a gefe ɗaya, wanda ya rage a ɗaya gefen, kuma gefen da ya rage ya fi tsawo. Ban taɓa ganin mai sayar da kaya yana ƙirga wa mai saye aibin kayansa da irin wannan natsuwa ba, har sai da na tambaye shi ko dai ba ya son a saya ne. Ya yi dariya ya ce shekarunsa sun wuce a zo ana sallama da shi a ƙofar gida saboda mota.

Ciniki bai ɗauke mu lokaci ba. Alhaji ya sallama bayan ya rage kuɗin waldar, aka duba lambar shasi da ta inji, aka rubuta takardar ciniki a gaban shaidu biyu.

Abin da ke damuna shi ne yadda wannan hali ya zama abin mamaki a wurina, alhali shi ne abin da aka hore mu da shi tun muna makarantar allo, cewa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa. A yau ka kai mota gyaran birki, sai ka dawo ka tarar an musanya maka batir. Ka je sayen kayan gyara, a ba ka jabu a cikin kwalin na asali, idan ka dawo da shi a ce kaya ya bar shago. Yaran da ake sakawa koyon sana'a suna kallon iyayen gidansu suna yin haka, suna ɗauka cewa wayo ne, kuma masu sanin aikin kafireta da kwantak, wato abin da ke sa fulogi ya ba da wuta a tsohon inji, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun bar magada ba. Shi ya sa na ji daɗi ƙwarai da na ga Baba yana sa yaransa su tsaya su saurara duk lokacin da yake yi mini bayani.

Yanzu motar tana ƙofar gidana a Unguwar Rogo. Na wanke kafiretar, mai walda ya gama ƙasan but, kuma na samo fitilun gaba a kasuwar Dilimi kamar yadda Baba ya kwatanta mini. Takardar nan tasa tana manne a bangon ɗakina, na soke abu huɗu, saura bakwai. Baba, in Allah ya kai mu Asabar zan shigo da zancen rewaya, mai gyaran wayoyin lantarkin mota, da ka ce za ka haɗa ni da shi.

Allah ya saka muku da alheri, ya albarkaci sana'arku da zuri'arku.

Naku,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Unguwar Rogo, Jos.