Zuwa ga aminina, kan fim ɗin Drishyam

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya baƙunta? Mu nan sai godiyar Allah.

Fim ɗin da ka daɗe kana yaba min, Drishyam, na kalla. Na Ajay Devgn na 2015 na samu, ba na asalin da Jeethu Joseph ya yi da Mohanlal a 2013 ba. Gaskiyarka, fim ne na gaske, amma akwai abin da ya tsaya min a rai.

Abin da ya fi burge ni shi ne Vijay, jarumin fim ɗin da ke ƙoƙarin rufe kisan da 'yarsa ta yi, bai ɗaga wa kowa hannu ba. Mutumin da karatunsa bai wuce aji huɗu ba, duk iliminsa daga kallon finafinai ya samo shi, amma ya juya 'yan sandan jihar Goa kaf. Ka tuna yadda ya kwashi iyalinsa zuwa Panaji, babban birnin jihar, yana adana tikitin mota da rasitin abinci, daga baya ya riƙa bin kwandasta da mai gidan abinci yana sako zancen cewa ranar 2 ga Oktoba suka yi tafiyar a cikin hira har ya zauna musu a kai? Da aka kira su shaida, babu wanda ya yi ƙarya da saninsa, abin da suka ɗauka sun gani suka faɗa. Nan marubucin ya gama da ni. Ita kuwa jaruma Tabu, idonta kaɗai ya isa: shugabar 'yan sanda ce, kuma uwa ce da ɗanta ya ɓata.

To, farkon fim ɗin ya ja da yawa, wannan mai sauƙi ne. Damuwata ita ce an sauƙaƙa mana hukunci. An nuna Sam, ɗan shugabar 'yan sandan da aka kashe, lalatacce tun daga fitowarsa, mai ɗaukar yarinya a waya tana wanka. Ɗan sanda Gaitonde kuma mugu ne ba gaira ba dalili, har ƙaramar yarinya ya daka. Da irin waɗannan a gabanka, wa zai tsaya tunanin cewa rai aka kashe, aka ɓoye gawa? Matar Vijay da babbar 'yarsa ma, ban da kuka da rawar jiki ba a ba su wani abin yi ba, alhali su abin ya faɗa wa.

Sai a ƙarshe, da iyayen Sam suka zo suna roƙon a faɗa musu ko ɗansu yana raye, na ji nauyin abin. Uban nan mai sanyin murya ya ba ni tausayi ƙwarai. Da tun tsakiyar fim aka bar mu muka ji zafin iyayen nan, da ba mu yi murna cikin sauƙi ba sa'ad da aka nuna gawar tana ƙarƙashin sabon ofishin 'yan sanda.

Ka kalli kashi na biyu na 2022? Ka rubuto min ra'ayinka kafin in nema. A gaida uwargida da yara, Inna ma tana gaishe ka.

Naka har kullum,
amininka