A Ji Ta Bakin Mutanen Gari Kafin a Rufe Hannu Ɗaya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan cunkoso a hanyar Abuja zuwa Kaduna, inda ake rufe hannu ɗaya domin zuba kankare. Rufewar dole ce, domin kankare kan ɗauki kwana 28 kafin ƙarfinsa ya cika. Ƙorafina shi ne yadda ake zaɓen wurin karkatar da motoci ba tare da an tuntuɓi mazauna wurin ba.

Idan masu tafiya da masu dawowa suka haɗu a hannu ɗaya, tirela guda ta lalace, sai masu gajen haƙuri su buɗe layi na uku, hanya ta kulle gaba ɗaya. Abin ya fi muni a Tafa, inda manyan motoci ke kwana a gefen titi. Da dare kuwa, gangunan da ake jerawa a tsakiya ba sa ganuwa sai direba ya zo daf da su. Dagaci da shugaban tasha sun san ranar kasuwa, sun san inda yara ke tsallakawa zuwa makaranta. Taswirar injiniya ba ta nuna wannan.

Ina roƙon Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ta wajabta zama da dagatai, ƙungiyar direbobi da jami'an kiyaye haɗurra kafin kowace rufewa, a sanar ta rediyo da Hausa mako biyu kafin ranar. A kowace makarkata a girke motar janwe dare da rana, a raba hanya da shingen kankare mai ƙyalli.

Naku,
Mai karatu daga Kaduna