Tabon kurajen fuska: a raba baƙin tabo da rami kafin a sayi mai

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Abin da ya sa na rubuto shi ne 'yata mai shekara 14 da kuraje suka fara feso wa a goshi. Ran nan na tarar da ita gaban madubi, ta haɗa farce biyu tana matse wani ƙurji a haɓarta, sai gabana ya faɗi, domin ni ma haka na fara. Yau shekaruna 37, kuma a kuncina na hagu akwai ramuka tara da nake iya ƙirgawa da yatsa ko da babu fitila.

Kuraje sun kama ni ina da shekara 15, ba su sake ni ba sai da na haura 25. A tsakanin nan babu abin da ban shafa ba. Na kwana da man goge baki a fuska, na murza ruwan lemun tsami har fatar ta yi ta raɗaɗi, na dirje kumatu da soso mai kaushi ina ganin datti ne ke kawo su. Daga ƙarshe wata ƙawata ta ba ni wani haɗin mai a robar da babu rubutu ko ɗaya a jikinta. Sati uku na farko na yi murna, fuska ta yi haske, tabo ya dusashe. Shekara biyu ina shafawa. Sai fatar ta yi siriri har ana ganin jijiyoyi, wasu ƙananan kuraje masu girma ɗaya suka cika min goshi da wuya, nankarwa ta fito a kafaɗuna. Idan na daina kwana uku, fuskar ta ɗau zafi da ƙaiƙayi, dole in koma.

Ranar da na je wurin likitan fata, ba ta fara rubuta min magani ba. Cewa ta yi in rufe ido in shafa fuskata a hankali. Ta ce duk inda na ji sumul, ko da wurin baƙi ne ƙirin, launi ne kawai ya taru, kuma zai iya tafiya. Inda yatsa ya faɗa rami ko ya hau tudu, nan ne fata ta sauya gini. Wannan bambancin shi ne abin da nake so masu karatu su riƙe, domin rashin saninsa ne ya cinye min shekaru.

Baƙin tabon da babu rami, sinadarin melanin ne, wato mai ba fata launi, da fatar ke ƙara fitarwa a duk inda ta yi kumburi. Mu masu duhun fata ya fi kama mu, ya kuma fi daɗewa. Na sama-sama yakan dusashe da kansa cikin wata 6 zuwa 12, wanda ya nutse kuwa yana iya kai shekaru. Abu biyu ke hana shi tafiya: sabon ƙurji da rana. Shi ya sa likitar ta ce magance kurajen da ke fitowa shi ne farko, in ba haka ba ana share ɗaki ne ƙofa a buɗe iska na kaɗawa. Ta sa ni shafa man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama da haka kowace safiya. Na yi mata musu, na ce baƙar fata ina ruwanta da wannan? Ta ce ƙunar rana daban, ƙara wa tabo duhu daban, kuma na biyun ya fi damun mu.

Da dare kuma akwai magungunan dangin bitamin A, wato tiretinoyin da adafalin. Ba sababbi ba ne. Tun 1971 aka amince da tiretinoyin a Amurka a matsayin maganin kuraje, adafalin mai ƙarfin kashi 0.1 kuma, wanda aka fi sani da sunan Differin, a 2016 aka ba da damar sayar da shi can ba tare da takardar likita ba. Ana ɗibar kamar ƙwayar wake ɗaya ga fuska duka, a fara da dare biyu ko uku a mako, domin yana busar da fata yana sa ta saɓa. Sai an yi sati 8 zuwa 12 kafin a ga canji na gaske. A nan mutane da yawa ke karaya, ni ma saura kaɗan in jefar da shi a sati na biyar. Sai dai mai juna biyu, ko mai neman haihuwa, ta nisanci waɗannan. Lokacin da nake da cikin autana, asid ɗin azelayik aka mayar da ni kansa, shi ma yana rage kuraje da baƙin tabo.

Game da haɗin nan na roba, likitar ta ce alamomin jikina na sitiroyid mai ƙarfi ne, irin su kilobetasol da betametason, magungunan da aka yi don a shafa na ɗan lokaci a kan wasu cututtukan fata. Sun zama abin shafawa na kullum a hannun masu bilicin. Wasu haɗe-haɗen akwai haidirokwinon, wanda yake da amfani idan likita ya ƙayyade watanni, amma idan aka daɗe a kansa yana iya barin wani duhu mai shuɗi-shuɗi da ya fi tabon farko wuyar magani. Wasu kuma har da zaiba, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana gargaɗin cewa tana lalata ƙoda da jijiyoyi. Wata huɗu na yi ana janye ni daga man nan a hankali, kuma ba zan ɓoye ba, na sha kuka a watannin.

Rami kuwa, babu man da ke cike shi. Kumburin ƙurji ne ya cinye kolajin, wato zaren da ke riƙe fata daga ciki, kuma matsa da farce na ƙara tura mugunyar ƙasa. Gyaransa aikin hannun ƙwararre ne. Ramuka masu faɗi da ke kama da tudu da kwari, ana shiga ƙarƙashinsu da allura a tsinke zaren da ke jan fatar ƙasa. Masu zurfi kamar hujin tsinke, ana ɗiga musu wani asid mai ƙarfi a cikin ramin kaɗai, ko a yanke su. Akwai na'urar ƙananan allurai, akwai hasken lesa. An yi min tsinke zare sau ɗaya da ƙananan allurai sau huɗu, wata guda tsakani. Ramukan sun ragu da zurfi sosai, amma suna nan, kuma tun farko likitar ta faɗa min haka za a yi. Duk wanda zai sa maka lesa ko asid, ka tambaye shi ko ya saba aiki a kan baƙar fata, domin kuskure kaɗan na barin ƙuna da sabon duhu.

Mai tabon da ke tasowa ya yi tudu yana ƙaiƙayi a ƙirji, kafaɗa ko muƙamuƙi, kada ya yarda a yanke masa kawai, yakan dawo ya fi da girma. Allurar da ake yi a cikin tabon duk bayan 'yan makonni ita aka fi farawa da ita.

Roƙona gare ka, Malam Edita, biyu ne. Ku ware fili ko sau ɗaya a wata, likitan fata ya riƙa amsa tambayoyin matasa da harshen da suke ji, domin yanzu Facebook da TikTok ne ke ba su amsa, da hotunan kafin da bayan da aka gyara da waya. Sannan duk tallar man da ta yi alƙawarin goge tabo cikin kwana bakwai, ku nemi a nuna muku abin da ke cikinsa kafin ku buga.

'Yata dai na zaunar da ita, na kama yatsanta na bi da shi kan kuncina, ta ƙirga ramukan da kanta. Mako mai zuwa zan kai ta wurin likita tun kurajen ba su yi zurfi ba.

Na gode da ba ni wannan fili.

Wata uwa mai karanta jaridarku.