Takardar koke kan tsarin ginin sashen yara a asibitoci

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsinar Maraɗi

Allah ya ja zamanin Sarki. Mu iyayen yara na unguwannin Zariya, Bagalam, Mokoyo da Sabon Gari muna gaisuwa irin ta addinin Musulunci, tare da koke guda.

Ranka ya daɗe, daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin sauro da tamowa sukan haɗu su cika ɗakunan yara, ga namu na cikin gari, ga waɗanda ake kawowa daga Madarunfa, Tibiri da Gidan Rumji. Ba mu da ƙorafi a kan ma'aikata. Ginin ne ake zana shi kamar babba zai kwanta shi kaɗai, alhali yaro da uwarsa ake kwantarwa, sau da yawa da ƙani goye a bayanta.

Ina za ta shimfiɗa tabarma? Ina za ta dama kunu, ta wanke zane, ta yi salla? Muna roƙon a riƙa barin tsakar gida mai inuwar bedi da rumfa, kusa da famfo, yadda uwa za ta hango gadon ɗanta. Rufin kwano ba sili a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, azaba ce. Da hunturu kuma yaro mai tamowa jikinsa kan yi sanyi har ya halaka, don haka taga ta buɗu da rana, ta rufu sosai da dare. A kuma sauko da ita: yaro kwance ba ya ganin komai sai bango.

Ɗakin allura a nisanta shi da ɗakin kwanciya. Ihun yaro ɗaya ya isa ya hana sauran yarda da duk mai farar riga. Masu ƙyanda su samu ƙofarsu daban.

Wasu za su ce wurin wasa almubazzaranci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta sa wasa cikin matakan jinyar tamowa mai tsanani. Ɗan fili mai yashi da zanen dabbobi a bango ba su kai kuɗin katanga ba, kuma muna da maginan da suka iya zane.

Muna roƙon Sarki ya isar da wannan ga Gwamnan jiha da hukumomin lafiya, cewa kafin a amince da taswirar kowane sashen yara, sabo ko gyara, a zauna da iyaye mata da ma'aikatan jinya a ji ta bakinsu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da imani.

Talakawanka, iyayen yara na birnin Maraɗi